Wace sakandaren gwamnati ce ta fi a garin Bauchi?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema don Allah. An yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Kaduna, mun dawo gida Bauchi, muna zaune a Fadaman Mada. Ina da yarinya da ta gama aji 3 na ƙaramar sakandare, ta rubuta BECE, sai ƙaninta da zai shiga aji 1. A Kaduna makarantar kuɗi suke yi, amma yanzu ga haya ga cefane, ba za mu iya ba. Mun yanke shawarar kai su ta gwamnati. Rabona da zama a Bauchi shekara 16 ke nan. Wacce ta fi a cikin gari? Yarinyar likita take so ta zama, tun tana firamare ba ta da wani zance sai wannan, shi ya sa hankalina ya fi tashi a kanta.

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya, barka da dawowa gida. Ai wannan ba ya bukatar dogon zance. Ki nemi makarantu na musamman, waɗanda aka ware musu hukumarsu daban tun zamanin gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. Ta 'yan mata akwai a Kafin Madaki da Sakwa, ta maza akwai a Toro da Azare, a cikin gari kuma ga Jibril Aminu. Ɗana na fari a ɗaya daga cikinsu ya yi, zama ɗaya ya samu kiredit 8. Sauran na jeka-ka-dawo da ke cikin unguwanni, ni dai ba zan ba ki shawarar su ba.

Anti Mai Ɗinki:
Gaskiya ne. Ko FGGC Bauchi, kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya, in kin samu hanya. Sai dai ita ana biyan kuɗi, ga sayayyar kayan kwana duk zango. Kuma shigarta ta jarabawar share fage ce da NECO ke shiryawa, tun yaro yana aji 6 na firamare ake cike fom.

Maman Ummi:
Na gode muku. Matsalar ita ce maigidan ya ce ba zai kai 'ya mace makarantar kwana ba. Tun abin da ya faru a Chibok a 2014 da Dapchi a 2018 ya sa wannan a ransa, na yi na yi ya ƙi. Ni ma in na faɗi gaskiya ba zan iya barci ba in tana Kafin Madaki ina nan.

Malam Mai Alli:
Assalamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni. Shekara 19 ina koyar da lissafi a makarantar jeka-ka-dawo ta gwamnati a cikin garin nan, irin waɗanda Alhaji Baban Sadiq ya ce ba zai ba da shawararsu ba. Ba zan faɗi sunanta ba.

Alhaji, ina girmama ka, kuma Allah ya ƙara wa Sadiq albarka. Amma ina so ka duba abu ɗaya. Makarantar da ɗanka ya yi, da jarabawa ake shigarta. Yara su taru daga ƙananan hukumomi 20 na jihar nan, a tace, a ɗebi na sama. Mu kuwa ƙofarmu a buɗe take. Wanda ya iya karatu da wanda ya gama firamare bai iya haɗa baƙi da wasali ba, duk namu ne, ba mu da ikon cewa wani ya koma gida. Kai ɗan kasuwa ne a Muda Lawal. In wani ya zo da asuba ya tsince manyan tumatir daga kwando, aka bar maka sauran, da yamma aka zo aka ce kayansa sun fi naka kyau, ai ba ƙarya aka yi ba. Amma ba a nuna cewa ya fi ka iya ajiya ba.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne, yaya yaro ya shiga, yaya kuma ya fita? Ina da yaron da ya zo mini aji 1 bai san jadawalin sau na 3 ba, ya fita da C5 a lissafi da guminsa. A takarda C5 ba abin nunawa ba ne. A wurina ta fi A1 ɗin yaron da dama can da iyawarsa ya zo.

Baban Sadiq:
Malam na ji ka, kuma ban yi nufin raina aikinku ba, Allah ya sani. Amma Hajiya ba alƙalanci ta zo yi tsakanin malamai ba, wurin da 'yarta za ta ci jarabawa take nema. Ko da tsintar tumatir ne, ni dai ina so nawa ya kasance cikin waɗanda aka tsinta. Yaro in ya zauna cikin masu ƙoƙari shi ma jan sa suke yi. Ka faɗa mana tsakaninka da Allah, yara nawa ne a ajinka?

Malam Mai Alli:
Ba zan ɓoye ba. A rajistar aji ɗaya da nake shiga bana suna 94 ne. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga ɗalibi 40 a sakandare. In na ba da aikin gida a azuzuwa uku, littafi kusan 270 ke jirana. Ba na iya duba su duk mako, sai dai in karkasa. Wannan gaskiyarka ce Alhaji, kuma maganar zama cikin masu ƙoƙari ma haka take.

Inda na bambanta da kai shi ne haɗa mu da ka yi a kwando ɗaya. Na jeka-ka-dawo a garin nan ba ɗaya ba ne. Akwai wacce ƙarfe 7:30 an rufe ƙofa, shugaban makaranta yana tsaye da kansa, malamin da ya makara sai ya sa hannu a gabansa. Akwai wacce ƙarfe 10 za ka tarar da ɗalibanta da kayan makaranta suna yawo a bakin titi. Albashi ɗaya, ma'aikata ɗaya ke kula da su, wani lokaci tafiyar minti 10 ce tsakaninsu.

Ɗiyar Jahun:
Anti Maman Ummi, bari in ba ki nawa labarin ko zai yi amfani. Ni jeka-ka-dawo na yi daga aji 1 har na gama, a ƙafa nake zuwa daga Jahun. Yanzu ina shekara ta 3 a ATBU, jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Ba likitanci nake karanta ba, amma fannin kimiyya ne.

Abin da ya cece ni malama ɗaya ce ta kemistiri. Ɗakin gwaje-gwajenmu kusan babu komai a ciki sai tebura. Ita ce take zuwa da 'yan sinadarai a jakarta, ta raba mu rukuni-rukuni ranar Asabar, kowa sai ya riƙe bututun awo da hannunsa ya ɗiga asid har ya ga launin ruwan ya juya. Ranar furaktikal na WAEC hannuna bai yi rawa ba. Ƙawata da ke wata makarantar, wacce ginin ta ya fi namu kyau nesa ba kusa ba, ranar jarabawa ce ta fara taɓa kayan. A allo kawai ake zana musu.

Amma fiziks sai da muka yi zango biyu babu malami bayan an yi wa namu canji. Da ɗan hidimar ƙasa muka ƙarasa, shi ma ya gama shekararsa ya tafi. D7 na samu, sai a NECO na gyara. Don haka in kin je kada ki tambayi ko makaranta tana da kyau. Ki tambayi wa ke koyar da fiziks, wa ke koyar da kemistiri, wa ke koyar da bayoloji, kuma na dindindin ne ko masu wucewa.

Maman Ummi:
Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Wannan ban taɓa tunaninsa ba wallahi. Ni gini da fenti nake ta kallo in mun wuce a Keke.

Dakta na Yelwa:
Hajiya, tunda likitanci ne burin, ga abin da za ki riƙe. Tana bukatar kiredit 5, wato daga C6 zuwa sama, a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, kuma jami'o'i da yawa a zama ɗaya suke so ga mai neman likitanci. A JAMB za ta rubuta Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji, maki 400 ne gaba ɗaya, kuma likitanci na cikin fannonin da suka fi cin maki. Alhamdu lillahi yanzu ba sai an yi nisa ba, ATBU na da kwalejin likitanci da asibitin koyarwa a nan cikin gari, ga kuma jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya da aka kafa a Azare a 2021. Sai dai gurbin kaɗan ne, masu nema daga ko'ina suke zuwa.

Wani abu kuma, tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake rubuta ta. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa da suka ɓata rabin lokacinsu suna kokawa da na'ura. Ki duba ko makarantar na da ɗakin kwamfuta da ake shiga da gaske. Wani wurin akwai kwamfutocin, amma a lulluɓe suke saboda babu wuta.

Abu Hanifa Wunti:
Ni dai abin da na sani, duk wannan lissafin wahala ce. A bar yaro ya yi ko'ina, in ya kai aji 6 a kai shi inda ake samun sakamako a yi masa rajista a can. Kowa haka yake yi.

Malam Mai Alli:
Ɗan uwa, don girman Allah kada ka ba uwa wannan shawarar. Ba kowa ke yi ba.

Baban 'Yan Biyu:
Bari in amsa masa, domin ni na yi, kuma ni na ga ƙarshensa. Ɗan yayana ne a hannuna, maraya. Da ya kai aji 6 na ji tsoron kada ya faɗi a ce ban kula da shi ba. Na ciro kuɗi masu yawa na kai shi wata makaranta a bayan gari, irin waɗanda ake rubuta musu amsa a allo. Ya fito da kiredit 9, har da B2 a lissafi. Na yi murna, na yanka kaji.

Ya rubuta JAMB sau biyu bai kai ko'ina ba, domin can babu mai rubuta maka. Daga baya ya samu shiga wata babbar makaranta, shekara ɗaya aka sallame shi. Ranar da ya dawo ya zauna a zaure ya ce mini, Baba da ka bar ni na faɗi a lokacin na sake, da yanzu na san abin da na sani. Har yau in na tuna maganar nan sai ƙirjina ya yi nauyi. Ni na cuce shi, da niyyar taimako.

Shi ya sa in na ji ana cewa makaranta kaza kowa ya ci, sai in yi shiru. Makarantar da babu wanda ya faɗi ko ɗaya, ita ce nake tsoro.

Abu Hanifa Wunti:
Allah ya kyauta. Na janye maganata Baba, ban san abin ya kai haka ba.

Baba Tsohon Hedimasta:
Jikana ne ya nuna mini wannan muhawara, shi ke rubuta mini. Na yi ritaya da daɗewa, amma kunnena na wurin makaranta.

Ku yaran yanzu ku san garin da kuke ciki. A makarantar Midil ta Bauchi Malam Abubakar Tafawa Balewa ya koyar bayan ya dawo daga Kwalejin Katsina a 1933, har ya zama shugabanta, kafin ya zama Firayim Ministan ƙasar nan. A nan Malam Aminu Kano ya koyar, a garin nan suka haɗu da Malam Sa'adu Zungur suna zaman tattauna al'amuran jama'a. Duk malaman makarantar hukuma ne. A wancan lokaci wanda ya fi kowa ƙwaƙwalwa shi ake turawa koyarwa.

Mu da muka biyo baya ta kwalejin horon malamai muka bi, shekara 5 ana koya maka yadda za ka tsaya gaban aji, yadda za ka riƙe alli, yadda za ka shirya darasi kafin ka shigo. Mai duba makarantu yana iya faɗo maka ba sanarwa, ya zauna a bencin baya, ya karɓi littafin yaro ya ga yaushe rabonka da sa jan biro a ciki. Da aka rufe waɗannan kwalejoji aka ce NCE, takardar kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, takarda ta ƙaru, amma da yawa sai suka riƙa shiga koyarwa don sun rasa wani abin. Ban ce duka ba, ga irin su Malam Mai Alli nan.

Sannan yawa. Da aka kawo UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Bauchi, sannan UBE, shirin ilimin bai-ɗaya, a 1999, yara suka cika makarantu. Alheri ne, ɗan talaka ya samu shiga. Amma ɗalibai sun ninka, azuzuwa da malamai ba su ninka tare da su ba. Garin da nake zagaye ganuwarsa a keke yau ya wuce Gwallameji ya wuce Tirwun.

'Yata Maman Ummi, ni a sanina makaranta shugabanta ce. Na ga makarantar da ta lalace aka kawo mutum ɗaya, cikin shekara biyu ta miƙe. Na ga wacce ake rububinta, aka ɗauke shugabanta, ta zube, amma sunan ya ci gaba da jan mutane har shekara 10. Sunan da kika sani shekara 16 da suka wuce, wataƙila yau suna ne kawai.

Baban Sadiq:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ban isa in ja da ku ba. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: in yaro zai iya cin jarabawar shiga ta musamman, a bar shi ya gwada. Ko ba a kai yarinyar kwana ba, ai ga namijin. Akwai kuma kwalejin Janar Hassan Usman Katsina a Yelwa. A kwana akwai karatun dare dole, babu waya, babu aike, babu majalisar unguwa. Ɗan jeka-ka-dawo in an tashi ƙarfe 2, wa ya san inda yake har magariba?

Anti Mai Ɗinki:
Wannan kuma aikin iyaye ne Alhaji. Nawa daga boko sai abinci sai Islamiyya, bayan isha'i kuma littafi. Kwana ma tana da nata. Ɗan ƙanwata ya dawo hutu da ƙazuwa da rama, manyan ɗalibai sun ƙwace masa garinsa da sukarinsa tun makon farko, ya ji tsoron faɗa.

Injiniya Bakin Kura:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Kowa likita, kowa jami'a. Hajiya, namijin ki lura da shi tukuna. In mai son taɓe-taɓen waya da gyare-gyare ne, bayan aji 3 akwai kwalejojin fasaha na gwamnati, suna rubuta jarabawar fasaha ta NABTEB, kuma da ita ana shiga kwalejin kimiyya da fasaha har da jami'a. Ni ta nan na bi, na yi Federal Poly a Gwallameji, yau mutum 7 ke cin abinci a shagona.

Maman Ummi:
Ikon Allah, kamar ka san shi. Duk rediyon gidan nan ya kwance su. Zan riƙe wannan.

Malam Mai Alli, to in na je makarantar me zan duba? Ni ba malama ba ce, kada a zagaya da ni ofis a ba ni ruwa in dawo.

Malam Mai Alli:
Hajiya, gani ya kori ji, amma ki san lokacin zuwa. Kada ki je ranar Litinin da safe, kowa na nan. Ki je Laraba ko Alhamis bayan an dawo tara, wajen ƙarfe 11:30. Kafin ki shiga ofis ki ɗan tsaya a tsakar makaranta ki saurara. Makarantar da ake karatu tana da irin ƙararta, muryar malami ɗaya-ɗaya daga azuzuwa. Wacce ba a yi, hayaniya ce kamar tashar mota. Ki ƙirga azuzuwan da babu malami a ciki.

Sai ki roƙi wata ɗaliba 'yar aji 5 ta nuna miki littafinta na kemistiri ko lissafi. Ki duba kwanan watan darasi na ƙarshe, ki duba ko akwai jan biro. Littafin yaro ba ya ƙarya. In kin shiga wurin shugaba ki nemi ganin sakamakon WAEC ko NECO na shekara 3 a jere, ba na bara kaɗai ba, kuma ki tambayi nawa suka zauna, ba nawa suka ci kawai ba. Wanda ke aiki zai ciro miki da farin ciki. Ki ce a buɗe miki ɗakin gwaje-gwaje, in aka fara neman wanda ke riƙe da makulli aka rasa, kin samu amsarki. Ki leƙa banɗakin 'yan mata, ki ga ko akwai ruwa. Mutane na raina wannan, amma ina da ɗalibai mata da ke rasa kwana 3 ko 4 duk wata saboda shi, kuma darasin lissafi in ya wuce ka ba ya jiranka.

Ki kuma yi lissafin nisa. Makarantar da sai an hau Keke biyu, ranar da babu kuɗin mota babu karatu, ranar da aka yi ruwa an makara. Sau da yawa ta kusa mai matsakaicin kyau ta fi ta nesa mai suna.

Sannan in kin sa ta, kada ki ɓace. Taron iyaye da malamai a wurinmu, cikin iyayen yara sama da 1,000 da ƙyar mutum 40 ke zuwa. Uwar da muka san fuskarta, wallahi ko ba mu so sai mun lura da 'yarta.

Ɗiyar Jahun:
Anti in ƙara da ɗaya. Tunda daga makarantar kuɗi ta fito, makonnin farko za su yi mata wuya, wataƙila ta yi kuka. Ki ce ta riƙa sammako ta kama bencin gaba. A aji mai mutum 90 na baya ba sa jin komai. Kuma in kin yarda, ranar Asabar ina gida, tana iya zuwa mu riƙa bin tsofaffin tambayoyin WAEC tare. Ba sai an biya ni ba, ni ma haka aka yi mini.

Maman Ummi:
Wallahi kin sa ni hawaye. Allah ya biya ki, ya ba ki abin da kike nema. Zan yi miki magana ta gefe.

Na karanta wa maigidan duka daren jiya. A kan namijin, ya yarda a je ofishin hukumar makarantu na musamman a tambayo lokacin jarabawar shiga, Alhaji Baban Sadiq ka ji, ka yi nasara a rabi. Ita kuma Ummi akwai makarantu uku da ba su yi mana nisa ba, ranar Laraba zan fara da ta farko ƙarfe 11:30 kamar yadda Malam ya ce, da ita zan tafi. Malam, in shugaban ya ƙi nuna mini sakamakon fa, in matsa ko in wuce ta gaba?

Malam Mai Alli:
Ki yi masa godiya ki wuce ta gaba, Hajiya. Ki tafi da takardar sakamakonta na BECE da ta canjin makaranta daga Kaduna, za a tambaye ki su.